Anatomi da ragon layya a saman bene

Shekarun baya, wajen 2012, ciwon gwiwa ya kai ni Alƙahira. Ni mahauci ne, ɗan mahauci, kuma bokona bai wuce aji uku ba, shi ma malamin ne ya gaji kafin ni. Autata tana karatun likita a unguwar Madinat Nasr, tana zaune a wani gidan haya ita da ƙawarta 'yar Damagaram. Ni kuwa 'yan garinmu ɗalibai suka ba ni katifa a benen ƙasa. Autar tawa sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata.

Ban yi sati ba na lura yarinyar nan ba ta da walwala. Ana fita makaranta da safe, ita sai ta ce yau ba darasi. Ƙawar ce ta tare ni a matakala ta tsegunta min.

"Baba, kada ka ce ni na faɗa. Tun da aka shigar da mu ɗakin gawa ta yanke jiki ta faɗi, ba ta sake komawa ba. Ta ce bayan Sallah za ta bi ka gida, ta haƙura da likitancin."

'Yar mahauci ta suma don ta ga wuƙa! Da labarin nan ya kai kwata, da sai dai in canza gari. To amma ba laifinta ba ne, ko sau ɗaya ba ta taɓa taka wurin aikina ba. Nama a tukunya ta san shi.

Washegari Uwata ta raka ni unguwar Dokki wurin likitan da ke gasa min gwiwa, ƙawar ma ta biyo mu. Likitan wani tsoho ne Bagirke, haifaffen Iskandariyya, Larabci a bakinsa kamar ruwa, ga surutu kamar wanzami. Yana murza min ƙafa, ni kuma na yi kamar hira nake nema.

"Uwata, wai shi darasin nan da ake buɗe mutum, me ake kiransa?"

Ta sunkuyar da kai. "Anatomi, Baba."

"Mu ma a Faransanci haka ne," in ji ƙawar. "Sai dai mu muna lanƙwasa shi ta hanci."

Tsohon nan da ya ji kalmar sai ya saki ƙafata ta faɗi a kan gado, ya buga ƙirji. Ya ce tasu ce, ta kakanninsa. Ya shiga bayani, Uwata tana fassara min ba don tana so ba. Wai kalma biyu aka haɗa: ana, wato daki-daki har sama, da tomi, wato yanka. Rumawa suka ara daga Girkawa suka ce anatomiya, daga nan ta bazu. Ya dinga lanƙwashe yatsu: Ingilishi, Faransa, Jamus, Italiya, Sifaniya, Rasha, kowa da ɗan wutsiyar da ya liƙa mata, amma ita ce dai. Ya ce mutanen Holan suna da wata tasu ta gida a gefe, mai nufin ilimin rarraba gaɓɓai. Wasu kuma can tsibirin ƙanƙara sun ƙi aro sam, suka ƙera tasu. Ya faɗe ta, na ce a bar ta nan, sauran haƙorana ba su da yawa.

"Larabawa fa?" na tambaya.

"Tashrihi," in ji Uwata. "Shi ma daga yanka nama siriri-siriri ne."

Na tashi zaune da wandona a naɗe. "Tsaya. Kina nufin duk Turawan nan, da gilashinsu da fararen rigunansu, sun taru sun rasa sunan da za su sa wa babban iliminsu sai fiɗa? Ashe fawa na turo ki a jirgin sama ki karanta!"

Ƙawar ta fashe da dariya, aka fassara wa tsohon shi ma ya dara har da tari. Uwata kaɗai ba ta yi ba. A mota muna dawowa ta ce, a hankali, "Baba, na san an gaya maka. Ba zan iya ba. Khalas, shi ke nan."

Na ce, "Ma'alish," wato ba komai, don ita ce kalmar Larabcin da na fi iyawa. Amma a raina na riga na gama shiri.

Sallar layya ta zo. Ɗaliban gidan sun haɗu sun sayi rago ɗaya, suka ɗaure shi a saman bene, kuma tun da ga mahauci Allah ya kawo, ba a nemi na waje ba. Bayan Idi na aiki samarin duka, wasu gawayi, wasu ƙanƙara, wasu yaji a wata unguwa da na san ba kusa take ba. Na ce 'yan matan biyu su hau su riƙe min kwano.

Na ba ragon ruwa ya sha. Na koma bayan tankin ruwa na wasa wuƙata inda ba zai gani ba. Na kwantar da shi, na shafa wuyansa, na rufe masa ido da tafin hannu, na yi bisimilla na yanka. Uwata ta juya baya, amma ba ta gudu ba. Da ya gama shure-shure na tsaga ƙafar baya, na sa baki na hura shi har ya kumbura, fata ta rabu da tsoka. Muka rataye shi. Daga nan sai na saki ƙara.

"Wayyo Allah gwiwata!"

Na zube a kan bokiti, ina murza ƙafa ina nishi. Na ce rana tana yi, idan ba a fitar da kayan ciki yanzu ba naman mutane zai lalace, kuma ƙawar nan hannunta rawa yake yi. Ita ma munafukar sai ta ɗaga hannu tana karkaɗa shi.

Uwata ta kalle ni ta kalle ni. "Baba, ta hagu ce ke maka ciwo."

Na duba, ashe ta dama na riƙe. Na sauya hannu, na ci gaba da nishi. A nan ne ta yi dariya, ta farko tun zuwana, sai kuma dariyar ta koma hawaye.

"Baba, wannan rago ne. Na can mutum ne. Da farcensa, da furfura a gemu. Uban wani ne."

Na daina wasan. Na ce, "Kin ga inda na je na wasa wuƙa? Kin ga na rufe masa ido? Kina tsammani ni ba na jin komai? Har gobe ina ji. Kakanki ya ce duk ranar da mahauci ya daina ji, ya ajiye wuƙa, ya zama mugu. To idan dabba ana yi mata haka, ke ki yi wa naki abin da ake yi wa mutum. Ki yi masa sallama. Ki roƙa masa gafara. Inda ba ki aiki, ki ja ƙyalle ki rufe masa. Sannan ki yanka da kyau, don kada kwanciyar da ya yi ta tafi a banza."

Ta share fuska da gefen hijabi, ta naɗe hannun riga, ta karɓi wuƙar.

Ba zan yi muku ƙarya ba, fatar nan ta huda ta wuri uku, da a kwata ne da ta sha rankwashi. Amma da ta zo kan hanta, na buɗe baki zan ce ta yi hattara da matsarmama, sai na ga ta riga ta zagaye ta da bakin wuƙa ta ɗago ta lafiya lau. Ta ciro zuciya, ta tsaga, tana kallon cikinta. Sai ta matso kusa da bokitina.

"Baba, ka san aikin waɗannan zarurrukan?"

Wasu fararen zare ne a ciki, tun ina saurayi nake yanke su ina jefa wa kyanwa. Ta ce ƙofofi ne suke riƙewa, jini ya wuce su rufe, kada ya dawo baya. Idan ɗaya ta saki, shi ne za ka ga mutum yana haki daga hawa matakala. Ta sa yatsa tana nuna min, tana jero sunaye da yaren tsohon Dokki. Ni da na tsufa ina sayar da zuciya, ranar aka gabatar da ni gare ta. Samarin suka dawo da gawayi suka tarar da ni zaune ina cewa "To, to, malama," ita kuma jini har gwiwar hannu.

Bayan hutun Sallah na ji takunta a matakala da sassafe. Na leƙo, na gan ta da farar riga a kafaɗa. Da la'asar ta dawo tana warin maganin da ake jiƙa gawa da shi, ta zauna a bakin katifata.

"Na yi masa sallama, Baba. Wata Bamisriya ta ji ni, ita ma ta yi."

Ni kaɗai na hau jirgi zuwa gida.

Yau likitar tiyata ce, kuma gwiwar nan har yanzu tana ciwo, ta hagun. Abin da na ɗauka daga wannan tafiya shi ne, tsoro irin nata ba a korarsa da tsawa, aiki ake ba shi. Abokan sana'ata kuwa idan suna tsokanata, wai na yi asarar magaji, duk 'ya'yana ba mai riƙe wuƙa, sai in gyara zama a kan benci in ce musu auta ta gaje ni sarai. Bambancinmu ɗaya ne. Ita idan ta gama yanka, ɗinkewa take yi, naman ya tashi ya yi mata godiya ya tafi gida.