Jar Ƙasa a Gindin Randar Goggo

Mun tashi daga unguwarmu Yalwawa, a Dutse, da asuba, ana idar da salla, ni da maƙwabcina, wani tsohon ma'aikacin ruwa da ya yi ritaya ya koma kiwon tantabaru. Motarsa muka shiga. In na ce mata tsohuwa na rage mata shekaru, don ina zargin ta girmi wasu duwatsun Dutse. Sai da na tura ta har bakin kwalta sannan ta yi tari ta yarda.

Goggo ce dalilin tafiyar, ƙanwar mahaifina, da ke zaune a wani ƙauye can gefen Kafin Hausa. Gidanta ne na farko a gindin jingar wata tsohuwar madatsar ruwa, wato tudun ƙasar nan da ya tare ruwan. Ta yi min albishir ta waya cewa Allah ya buɗe musu idon ruwa a bayan gida, har ta yi lambu, in zo in kwashi ganye. Ni ina jin ganye na fara neman buhu. Amma da na ba maƙwabcina labari a majalisa, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce gobe da shi za a je. Mutumin da ko suna ake a layinmu sai an jawo shi, yau shi ne mai tayin mota da mai. Nan jikina ya ba ni akwai magana.

Hanya dai sai godiya. Damina ta zauna, gero ya fi ni tsayi, ko da yake wannan ba abin alfahari ba ne ga geron. Mun tsaya karin kumallo a wani gari, na tarar ƙosai ya ƙara kuɗi ya kuma rage jiki. Irin wanda in ka yi atishawa kusa da shi sai dai ka neme shi a gari na gaba. Masara gasasshiya ce ta rufa min asiri. A Kafin Hausa ɗalibai ne ko'ina a kan babura, kowa da jaka a baya, ga matan Fulani sun jera ƙwarya a inuwa. Na sha furar da ta sa na yafe wa mai ƙosai. Daga nan muka sauka daga kwalta, muka shiga hanyar da ramukanta ke da nasu ramukan.

Wallahi madatsar tana da kyau. Ruwa ya cika ya kwanta shiru, shanu na sha a gefe, balbelu na bin su, masunta na yawo a kan gora. A saman jingar darbejiya ce jere, dattawa na dara a ƙarƙashi. Ni ina yabon inuwa, maƙwabcina yana kallon ƙasa. Ya nuna min saiwoyin da suka nutse cikin jingar, da ramukan gafiya, ɗaya har na ce a sa masa ƙofa a ba da haya. Ƙarfen da ake murɗawa a saki ruwa ya yi tsatsa, masunta sun mai da shi wurin shanya koma. Hanyar da aka yi wa ruwa ya bi in ya yi yawa kuwa, ciyawar kacalla ta cinye rabi, wani bawan Allah ya shuka shinkafa a sauran.

Goggo ta tare mu da murna, ta dubi tumbina ta ce, "Ɗan nan, wata nawa ne?" Na ce haihuwa sai bayan kaka. Ba ta bari mun zauna ba ta ja mu lambu. Alayyafo, yakuwa, lalo, kuɓewa, komai shar. Ga idon ruwan nan yana ɓulɓulowa daga gindin jingar, matan unguwa na ɗiba.

Maƙwabcina ya tsuguna ya daɗe, sannan ya ce, "Goggo, da haka yake?"

"Ina! Da ɗan tsiyaya ne. Bana ne Allah ya ƙara albarka."

Ya yi mata bayani a hankali. Jingar ƙasa takan yi gumi, ba abin tsoro ba ne in ruwan garau yake kuma ba ya ƙaruwa. In ya fara yawa yana fitowa da ƙasa, to cin ta yake ta ciki, kuma ranar da za ta buɗe ba ta sallama. Ya roƙe ta ta bar gidan har damina ta wuce.

Goggo ta ce tana amarya aka gina jingar nan, a gindinta ta haihu, a gindinta aka ɗauki gawar mijinta, ba ta taɓa yi mata komai ba. Na shiga da nawa. Na yi mata alkawarin fanka, talabijin, da nama safe da yamma. Ta ce naman gidana ai ta san shi, da shi da watan Babbar Salla tare suke fitowa. Muka koma tsakar gida a sanyaye.

Ta kawo mana ruwa daga randar da take cikawa a idon ruwan nan, tana mitar cewa kwanakin nan ba ta gama wanke randar sai ta sake yin laka. Na kurɓa, na ji ƙasa a haƙori, na ce, "Goggo, kin ba ni fili a ciki, saura takarda." Ba ta yi dariya ba. Ta karkata randar, ta lakato abin da ya kwanta a gindi, ta murza a yatsa, ta fita da shi haske.

"Wannan ai jar ƙasa ce," ta ce.

Ta nuna mana yatsan, ta ci gaba.

"Garin nan farin yashi ne, ko kabari ka tona. Jar ƙasa da tifa aka riƙa kawo ta lokacin ginin jingar. Ita ta ɓata min zannuwan aure a kan igiya. Babu inda take sai cikin jingar can." Ta goge hannu a zani. "Ɗan nan, kira min mai unguwa."

Da ya zo, ba ta yi dogon zance ba, lakar ta shafa masa a tafin hannu. Kafin la'asar an tsai da magana: gidajen gindin jinga za su koma wajen 'yan'uwa a tudu, maƙwabcina kuma zai kai batun ofishin da ya bari, a zo a duba a rage ruwan.

Dawowa, Goggo ce a gaba kamar hajiyar da aka ɗauko daga filin jirgi. Ni ina baya, randa a cinya, kaji a ƙafa, akuya na cin buhun ganyena tana kallona cikin ido. Muka shigo Yalwawa ana kiran magariba, da rabin buhu.

Abin da tafiyar nan ta koya min, madatsa ma tsufa take kamar mu, sai dai ita ba ta cewa wash. Wanda ya fi kusa da ita ne zai fara gani, kuma shi ne zai fi ƙin yarda, don shekaru yana kwana lafiya. Har yau jingar na tsaye, ana jiran masu dubawa. Ni na bar wa Goggo ɗakina, na koma kwana a falo. Duk sanda hadari ya haɗo, Goggo takan fita ƙofar gida ta tsaya tana duban wajen garinsu. Randar kuwa ta hana a wanke. Ta ce duk wanda ya tambayi abin da ya raba ta da ɗakin mijinta, a ba shi ya leƙa.