Ƙwaryar Inna

Shekarar da na yaye 'yata ta fari muna haya a Yantala, ina koyarwa a lakwal ɗin firamare. Tari ya kama yarinyar, aka ba ta siro na kashe ƙwayoyin cuta. Tarin ya tafi, zawo ya zauna. Ina ɗura mata ruwan gishiri da sukari, amma warwaron hannunta da na sha turawa da ƙyar ya soma zamewa da kansa. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske.

Sai ga mahaifiyata daga Tawa, da wata baƙar ƙwarya naɗe cikin zane. Tun ina ƙarama nake ganin ƙwaryar nan a rataye, tana lilo a hankali, ɗaki duk ƙamshin kindirmo. Ranar kuwa ni tsami kawai na ji. Ni da ko cokali ba ya shiga bakin 'yata sai ya sha jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta! Inna na sallar azahar na ɗauke ƙwaryar, na dirje ta tas, har ina jin daɗin kaina.

Inna ta dafa madara, ta bari ta huce, ta zuba a ƙwaryar ta rufe. Da safe madarar ba ta yi barci ba. Inna ta shinshina, ta dube ni.

"Ke 'yar nan, me kika sa mata?"

"Jabel, Inna. Dauɗa ce fa."

"Dauɗa? Kayya, boko! Irin kindirmo ne kika kashe."

Na yi ta tsiwa, ta ƙyale ni. Da na mai da yarinyar lopital, likita ta ce maganin ya share cikinta ne, mugayen ƙwayoyi da nagari duka, sai nagarin sun dawo. Ta rubuta wani garin magani na 'yar leda, ta ce dafaffen kindirmo mai tsabta ma zai taimaka. Wallahi kunya kamar in nutse.

Washegari muka ƙetare gada cikin taksi neman iri, Inna rungume da ƙwarya. Kogi ya kwanta luf, jiragen masunta kamar ba sa tafiya. Kan yarinyar a ƙirjina ba nauyi ko kaɗan, har nakan taɓa in tabbatar tana nan. A ƙetare Inna ta sami wata tsohuwar Bafillatana. Ba mai jin harshen wata sosai, amma da ta ga ƙwaryar ta gane, ta shafa mata ludayi guda na kindirmonta.

Da gari ya waye madara ta yi barci. Inna ta ɗebo a cokali, yarinyar ta lasa, ta yamutsa fuska, sannan ta buɗe baki da kanta. Ban san wanne ya fi aiki ba, garin likita ko ƙwaryar. Na dai san kafin sati biyu warwaro ya daina zamewa.

Ranar da Inna za ta koma ta bar mini ƙwaryar. Na ce ai an sami iri, komai ya gyaru. Ta gyara goyon jikarta, ba ta dube ni ba.

"Wancan na kakarki ne," in ji ta. "Tun rasuwarta ban bari ya mutu ba. Wannan ki riƙe shi, na 'yarki ne."