Hoton Inna a Bangon Buro

Shekarar da tattasai ya yi kyau a gonarmu ta bakin Komadugu, ina aikin buga takardu a buro, wato ofis, na wani furoje mai aikin agaji a Difa. Shef ɗinmu, shugaban buron, ya ce yana son hotunan matan karkara, ni kuma na kai shi wurin Inna, don da gumin kanta ta ciyar da mu tun rasuwar Baba.

Da ta ji za a ɗauke ta hoto, sai ta sa lafayarta koriya ta zuwa biki, ta zauna a tsakiyar shanyar tattasai, ja wur har bakin ruwa. Shef yana ta ɗaukar hotuna, ita kuma dariya take ta yi. Sau ɗaya kawai rana ta shige mata ido ta yamutsa fuska.

Hoton wannan yamutsa fuskar shef ya zaɓa. Ina tsaye a bayansa ya buɗe shi a kwamfuta. Ya danna wani wuri, launi ya zube gaba ɗaya, lafayar ta koma kamar tsumman da aka tsamo daga toka. Ya yanke shanyar tattasan. Ya yi ta ƙara duhu har kowane layi na goshinta ya zama rami.

Na ce masa, yadda muke kiransa da Faransanci, “Mushe, Innata ba haka take ba.”

Bai ko juyo ba. Ya ce, “Masu ba da taimako ba sa buɗe hannu in sun ga ja da kore. Baƙi da fari ya fi taɓa zuciya.”

Aka buga shi ƙato, aka rubuta maganar yunwa da Faransanci a ƙasa, aka manna a buro da bakin kasuwa. Wata mai sayen tattasai daga Boso ta gani, ta zo har gida da ƙwaryar gero tana yi wa Inna jaje.

Inna ta sa na raka ta kasuwa. Ta daɗe a gaban takardar, sannan ta ce, “Wannan tsohuwar ba ta da ƴaƴa ne?”

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Daga ranar ba ta sake yarda an ɗauke ta hoto ba, ko a bikin ƙanena. Da na nemi na asalin mai launi, shef ya ce ya goge, wai wuri ya cika a kwamfutar.

Yanzu ƴaƴana in sun tambayi kamannin kakarsu, da baki nake faɗa musu. Takardar tana ƙasan akwatina, ban taɓa nuna musu ba.