Motar da Lurwanu Ba Ya Kashewa

A Kudai, wata unguwa a Makka, kafin a tambayi sunan uban mutum sai an fara duban motarsa. Mai Kamri ɗan tasi ne ko bai rubuta ba. Mai wayit, wato tankar ruwa, an ce tun a masana'anta aka manta ba a sa masa birki ba. Mai Leksus yana da sigina, amma a ganinsa ƙasƙanci ne ya gaya wa talaka inda zai karya kwana. Su kuwa masu tsohuwar Jims, doguwar motar nan da ke shan mai kamar ana zuba shi a rairayi, tuni aka yanke musu hukunci: dattawa ne masu taurin kai da suka ƙi yarda duniya ta canza. Yawancin wannan magana sharrin masu zaman shayi ne. A kan Lurwanu dai ta zauna daram.

Haifaffen Makka ne, Hausarsa ta Sakkwato ce da ya tsotsa a gida, Larabci ya cinye rabinta. Aikinsa kai masu umara ziyara, Arfa da Muzdalifa da Mina, ya mayar da su masauki kafin azahar. Direba ne mai natsuwa, ba ya zagi, ba ya danna wa tsoho hon. Aibinsa ɗaya ne, kuma duk unguwa ta san shi: muddin rana tana sama, Lurwanu ba ya kashe inji. Ya shiga masallaci, Jims tana ƙugi a ƙofa. Ya shiga gida cin abinci, tana ƙugi a gindin taga, mukayyif ɗinta mai hura sanyi a ƙure, ƙofofi ba kulle. Duk wanda rana ta ci wa ƙarfi ya buɗe ya shiga ya huta, ba sai ya nemi izini ba. Masu shara sun san da haka, masu kai saƙo ma sun sani.

Abin yana da asali. Mahaifinsa, Mailafiya, da ƙafa ya zo ƙasar nan yana yaro, a bayan iyayensa, kuma da ƙafa ya ƙare rayuwa, yana dakon kayan alhazai a Mina. Yana jan ƙafar hagu, silifas ɗinsa na sharar ƙasa, tun daga nesa ana gane tafiyarsa. A wani aikin hajji da ya faɗo tsakiyar zafi, ya zauna a bakin titi ya jingina da kayan da ya ɗauko, bai sake tashi ba. Motoci sun yi ta wucewa ta gabansa, gilasai a rufe. Lurwanu yana saurayi a lokacin. A makabarta ya yi wa Allah alkawari cewa ranar da ya mallaki mota, ba mai mutuwar rana a kusa da ita. Da ya samu ya cika, kuma a kan alkawarin nan ya gina duk mutuncinsa. Shi kansa bai ƙara taka ƙasa da nisa ba, ko gidan burodin da ke ƙarshen layi da mota yake zuwa.

Da shekaru suka ja, zafin ya ƙara mugunta, sai ya tsiro da wata al'ada. In ya sauke masu ziyara, yakan koma Mina shi kaɗai da tsakar rana, ya tsaya daidai inda mahaifinsa ya zauna. Wanda bai ga Mina ba lokacin da babu hajji, ba zai gane ba. Farin tanti iya ganinka, layi bayan layi, ba yaro ba kyanwa, kwalta tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Nan yake zama, inji na aiki, yana jan carbi.

A nan ne ya fara jin motar tana yin ƙasa. Direban da ya tsufa a sitiyari ba ya buƙatar waiwaye kafin ya san an hau masa mota, bayansa ke gaya masa. Sai ya ji ta lotsa ta dama, can ta lotsa ta hagu, har kujerar ƙarshe ta ɗauka, alhali ƙofa ko ɗaya ba ta motsa ba. Madubi ba ya nuna kowa. Amma gilasai sukan yi raɓa ta ciki, motar ta cika da warin gumi da man zafi, irin na mutanen da suka sha tafiya. Ranar farko ya ji tsoro har carbin ya suɓuce masa. Da ya ga ba abin da masu hawan suke nema sai sanyi, sai ya saba, yakan yi musu sallama a hankali. Ba su taɓa amsawa ba. In la'asar ta gabato motar takan ɗago da kanta, ya tarar da kujerun a jiƙe. Bai gaya wa kowa ba, a ransa kuwa har daɗi yake ji, yana ganin an karɓi sadakarsa.

A gida labarin daban ne. Matarsa Rabi'a ta daɗe tana tari, don tagar ɗakinta tana saitin salansa. Da ƙirjin ya kai ta asibiti, likita ya ce a raba ta da hayaƙi. Lurwanu ya mayar da motar layin baya, sai ga mai gidan can ya fito yana cewa jaririnsa ba ya barci. Ya kai ta gaba, nan ma tagar wani ce. Kudai ba ta da fili marar taga.

"Abu Salwa, ban ce ka karya alkawari ba," in ji Rabi'a, wadda da sunan 'yarsu take kiransa. "Amma ni ma numfashi nake so."

Yana son matar nan, kuma kunya ta kama shi ƙwarai.

'Yarsu Salwa tana karatun muhalli a jami'a, kuma ta gaji taurin kan ubanta kaf. Ta sha yi masa bayanin hayaƙin motoci da yadda yake ƙara wa duniya zafi, shi kuwa ya ce zafi na Allah ne, kuma motarsa ɗaya ba ita za ta dafa Makka ba. A wannan karon ba ta kawo masa karatu ba.

"Abuya, sanyin da ke cikin sayyara, motar nan taka, daga ina yake zuwa?"

"Daga mukayyif mana."

"Tayyib. Zafin da ya cire, ina yake kai shi? Ka taɓa tsayawa a bayanta tana aiki?"

Mai mota ta gaba yake shiga, ta gaba yake fita. Ko kayan alhazai sai da safe yake lodawa, kafin ya tayar. A iya tuninsa bai taɓa tsayuwa a bayan motarsa da tsakar rana ba.

Washegari ya koma Mina. Ya tsaya, motar ta yi ƙasa kamar kullum, gilasai suka yi raɓa. Sai ya ce wa kujerun, "Ku yi haƙuri, ina zuwa," ya fita ya zagaya baya.

Hucin da ya buge shi ya fi na bakin tanda. Ta ƙarƙashin motar yake ɓullowa, haɗe da hayaƙin salansa, ya hau kan zafin rana ya ninka shi. Idanunsa suka kawo ruwa, ya sunkuyar da kai yana tari irin na Rabi'a. A nan ya ga kwaltar. Ta yi laushi, kuma cike take da sawu. Sawun silifas, sawun ƙafa ba takalmi, manya da ƙanana, duk sun fuskanci motar, a jere kamar masu jiran layi. Ya bi su da kallo har suka sha kwana a bayan tantuna, bai ga ƙarshensu ba. Yana tsaye wani sabon sawu ya lotsa a kwaltar, dab da bakin salansa.

Mutum nawa motar take ɗauka? Shekara da shekaru yana alfahari da na ciki. Sauran suna nan a baya suna jira, shi kuma yana hura musu wuta a fuska.

Na gaban layin, sawun damansa ya fita sarai. Na hagu ba sawu ba ne, jan ƙafa ne.

Lurwanu ya daɗe a durƙushe. Kuka ya zo masa, irin wanda bai yi ba ko a makabarta.

"Baba, ashe ba ka taɓa shiga ba," ya ce. "Mi ya hana ka?"

Ya san amsar. Mailafiya ɗan dako ne, bai taɓa shiga gaban alhaji a layi ba, sai dai ya matsa ya ba shi hanya.

Ya koma ya zura hannu ta ƙofar direba ya murɗa makulli. Shirun da ya sauka a Mina ya yi nauyi, har ƙarfen injin ake ji yana ƙas-ƙas yana hucewa. Ya buɗe ƙofofin duka. Motar ta ɗago sannu a hankali, kujera bayan kujera. Ya ɗauko lemar da wata hajiya ta manta, da jarkar ruwa, ya yayyafa a kwaltar iya inda ruwan ya kai.

Ranar ce mutanen Kudai suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Bayan la'asar sai ga Lurwanu da ƙafa, fuska ta ƙone, leɓe ya tsage. Masu shayi suka fara tsokana, wai Jims ta yi yaji. Sai suka lura da yadda yake tafe. Lemar tana hannunsa a buɗe, amma ya karkatar da ita gefe, rana tana dukan kansa, inuwar tana faɗa wa wurin da ba kowa. Tafiyar ma a hankali yake yinta, yana ɗan tsayawa, kamar mai jiran wanda ƙafa ke ba wahala.

Salwa ce ta buɗe masa ƙofa. Ta dubi titi ba mota, ta dubi ubanta.

"Abuya, ina sayyara?"

"Na kashe ta. Faɗa wa uwarki ta buɗe taga," ya ce. "Ke kuma matsa daga ƙofa, kakanki ya shiga inuwa."