Waken Yaya Kinue da Sabuwar Giya

Duk ƙauyenmu a Akita babu wanda ya iya ɗanɗano kamar yayata Kinue. Kurɓa ɗaya take yi wa sake, giyar shinkafarmu, ta lumshe ido ta ce, "Wannan ƙamshin tuffa take, a haɗa ta da ɗanyen kifi." In ta kurɓi wata kuma, ta yamutsa fuska ta ce, "Tana da nauyi, a ɗumama ta, a gasa kaza da gishiri." Ba ta taɓa kuskure ba, abin har haushi yake ba ni.

Abu ɗaya ta shekara arba'in tana cika baki a kai ba tare da ta gwada ba: wai sake sabuwar tacewa ba ta da mahaɗi kamar natto, waken nan namu mai yauƙi. Mijinta Tokuzo ne shugaban masu haɗa giya, kuma muddin ana aikin haɗa giya na hunturu natto ba ya shiga gidan mai wannan sana'a, don ko ɗan yauƙinsa ya bi hannu sai ya lalata shinkafar da ake tsimawa. Kafin a ɗage dokar, giyar ta daina zama sabuwa. Ita kuwa Yaya da natto aka yaye ta.

"Baban yara, ka cuce ni," takan ce masa. "Da na sani da mai kifi na aura."

"Da yanzu ƙarni kike yi, tsohuwa."

Bana ciwon gwiwa ya sa Tokuzo ya ajiye aiki. Ranar tacewar farko ya ɗingisa ya karɓo kwalba guda, ya biya kanti ya sayo natto. Aka kira ni shaida. Ya zuba mata, ta zuba masa.

Ta ci, ta kurɓa, ta lumshe ido.

"Yaya, to?" na ce.

"Ba su dace ba ko kaɗan. Waken ya danne ƙamshin gaba ɗaya."

Tokuzo ya yi dariya har da hawaye, ni ma na taya shi, don na daɗe ina jiran ranar nan. Ya miƙa hannu. "To kawo waken, tunda ya ba ki kunya."

Ta rungume kwanon, fuskarta fal murna.

"Taɓa ka gani. Shekara arba'in rabona da shi a hunturu, kuma yau ga ka a gida da rana tsaka. Ƙaro mini giyar."