Saura Mutum Biyu

Ranar da asibitin Kankiya suka ce mu wuce da Baba Katsina, numfashinsa sama-sama yake. Shatar mota ta fi ƙarfina, sai na kai shi tasha, na zaɓi motar da na ga ta kusa cika.

"Saura mutum biyu!" in ji ɗan kamasho. Na jingina kan Baba a kafaɗata, na yi hamdala.

Rediyon direba na kunne. Wasu masana ne ke gardama a kan jirgin da ya dace da birnin Kano: a haƙa masa hanya ta ƙarƙashin ƙasa, ko a shimfiɗa masa dogo a gefen titi. Mutanen cikin motar suka karɓe zancen kamar gadon ubansu ake rabawa.

Wani mai jar hula ya ce, "Na ƙarƙashin ƙasa ya hi. Ba ruwanshi da cunkoso."

Na kusa da shi ya ce, "Kai ba ka san damina ba. Ruwa guda za a yi, ramin ga ya koma rijiya. In aka ɗauke wuta kuna ciki hwa?"

Baba ya buɗe ido da ƙyar. "Mi suke hwaɗi?"

"Jirgi za a yi ma mutanen birni, Baba. Lokacinshi na yi sai ya tashi."

"Ko bai cika ba?"

"Ko bai cika ba."

Ya yi ɗan murmushi, ya ce duniya da abin mamaki take.

Can wata mata ta zo da kayanta, sai mai jar hula ya sauka ya ba ta wurinsa. Wani ya zo, abokin gardamarsa ya sauka. Ashe ba matafiya ba ne. 'Yan kamasho ke zaunar da su don mota ta yi kamar ta kusa cika. Suka koma motar gaba suka ɗora musunsu, ɗan kamasho kuwa bai canza kira ba.

Raina ya ɓaci. Na roƙi direba, na haɗa shi da Allah. Ya ce, "Haƙuri za ka yi, Malam. Mota ba ta tashi da rabi."

Har yau in na ji ana wannan gardama, kashe rediyo nake yi. Na ƙasa ne ko na gefen titi, na daina sa ran akwai wanda zai iso inda muke.

Bayan azahar na ji kan Baba ya yi nauyi a kafaɗata. Matar nan ta leƙa fuskarsa, ta soma salati. Fasinjoji suka sauka ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce musu su sauka.

Direba ya shigo, ya kashe rediyo, ya tayar da mota. Bai dube ni ba.

"Ina ne gida?"

Na ce, "Kusada."

Nan take muka tashi, daga ni sai Baba a mota guda.