Makeron da Ya Cinye Garken Bessette

Duk wanda ya tashi a gidan shanu a yankinmu ya taɓa yin makero. Ba abin kunya ba ne, ba kuma abin zuwa asibiti ba. Maraƙi zai goga maka kai a hannu kana ba shi madara, bayan 'yan kwanaki ka ga jan zobe ya fito maka a fata, sai ka ɗauko kwalbar aidin ɗin da ake shafa wa maruƙan ka shafa, ka koma bakin aikinka. Haka aka yi wa Lionel Bessette yana yaro, haka aka yi wa ubansa Armand, haka kuma aka yi wa kakansa, wanda ya sauko daga Kanada da 'yan shanunsa ya kafa gonar a gindin dutse, nan arewacin jihar Vermont ta Amurka.

Lionel ba mai yawan magana ba ne, amma ƙarfi kam Allah ya ba shi. Yakan ɗauki damin ciyawa da hannu ɗaya ya cilla shi saman ɗakin shanu yana fito. Ya san kowace saniya da sunanta da halinta, ya san wadda ke harbi in an taɓa ta da hannu mai sanyi. Da tsufa ya kama Armand, sai ya damƙa masa gonar, ya koma ɗan ƙaramin gidan da ke tsallaken hanya. An ce ya huta, amma hutun Armand shi ne ya ja kujera bakin taga tun kafin gari ya waye, yana jiran fitilar ɗakin shanu ta kama. A wajenmu wannan fitilar ita ce mutuncin magidanci. In ta kama da asuba, an san akwai namiji a gidan. In ta makara, kafin rana ta ɗaga an kai labarin kantin sayar da dusa. Shekara da shekaru fitilar Lionel ba ta taɓa makara ba, kuma bai nemi komai a duniya ba kamar tsohon nan ya gan ta ya gyaɗa kai.

Wata shekara, farkon lokacin zafi, ya yi kwanaki yana gyaran shinge a bakin daji, inda barewa ke tsallakowa cin ciyawa. Bayan haka wata rana ya tuɓe riga zai yi wanka, sai matarsa Noreen ta tsaya da kwandon wanki a hannu.

"Kai, Lionel! Wane maraƙin ne ya rungume ka ta baya?"

"Me kika gani?"

"Makero mana. Faɗin faranti, nan ƙasan kafaɗa."

"To yanzu har da maraƙi za ki yi kishi?"

"Da wannan warin taki naka, maraƙin ma ya yi ƙoƙari. Tsaya nan, kar ka motsa."

Ta je ɗakin shanu ta ɗauko aidin, ta shafe masa baya tas, suna dariya. Ya yi ɗan zazzaɓi a makon, ya ce murar zafi ce. Zoben ya yi ta faɗaɗa, daga baya ya dushe ya ɓace, Noreen ta ce maganinta ya ci. Shi Lionel ko sau ɗaya bai gan shi da idonsa ba.

Ganyen itatuwa na fara zuba, gajiya ta sauko masa, irin wadda barci ba ya wankewa. Sai ciwo mai yawo: yau kafaɗa, gobe wuyan hannu, jibi ƙeya. Wata safiya ya kurɓi kofi ya ga yana zubowa ta gefen baki, ɓarin fuskarsa ya saki. Wannan ya warware a hankali, sai gwiwar dama ta kumbura kamar kabewa, ta sace, ta sake kumbura. Abin da ya fi tsorata shi kuwa kansa ne. Yakan tsaya tsakiyar garke da bokiti ya rasa abin da ya kawo shi. Ranar da ya zuba madarar saniyar da ke kan magani a cikin babban tanki, har aka zubar da madarar gonar gaba ɗaya, ranar ce aka fara raɗa cewa Lionel Bessette ya fara shaye-shaye. Mutumin da ko a biki kwalba ɗaya ke isarsa.

Noreen ta ja shi asibiti, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ba zan ɗora wa likitocin laifin da ba nasu ba, don na farkon ma ya tambaya.

"Kaska ta taɓa cizon ka?"

"Kaska? A jikin kare dai nake cirewa."

"Wani ƙurji fa, ko tabo a fata?"

"Babu," in ji Lionel.

Noreen na zaune a gefe, ita ma ta girgiza kai. Ba ƙarya suka yi ba. Wa zai tsaya gaban likita yana lissafa makero? Kamar a tambaye ka rauni ne ka kawo zancen kantar hannu. Kaskar da Lionel ya sani kuma ƙatuwa ce mai cika da jini, bai san akwai wadda ba ta kai ƙwayar riɗi ba, mai cizo ta ƙoshi ta faɗi ba ka ji ba. A lokacin ma duk mun ɗauka ciwon kaska na mutanen kudu ne, can bakin teku. Sanyinmu, a cewarmu, ba ya barin irin wannan ƙwaro. Ga shi kuma in likita ya ce masa ya jiki, sai ya gyara zama ya ce, "Da sauƙi." Wannan hali namu yana ba ni haushi har gobe. Mutum na mutuwa a tsaye, amma ba zai yarda a ce ya yi raki ba.

Aka ce sanyin ƙashi ne. Aka ce yawan aiki ne. Daga ƙarshe aka ce ciwon damuwa ne, aka ba shi ƙwayoyi, ya ɓoye su a akwatin tarakta don kada wani ya gani.

A sanyi na uku ne fitilar ta makara. Armand ya jira, ya jira, har gari ya fara haske. Sai ya ɗauki sandarsa ya tsallako hanya cikin dusar ƙanƙara. Ya tarar da shanu na kuka, nono ya cika musu, Noreen ita kaɗai tana fama da injin tatsa. Ya wuce cikin gida, ya sami ɗansa zaune a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Ba ka jin kukansu ne?"

"Ina ji, Baba. Jikin ne ya ƙi."

"Jiki! Ni da karyayyen haƙarƙari na yi tatsa a ɗakin shanun can. Ranar da aka binne uwarka ma na yi tatsa. Me likita ya gani?"

"Bai ga komai ba."

"To ni na gani," in ji tsohon. "Lalaci ne. Na ba rago gona, matarsa na yi masa aiki."

Lionel ya ajiye takalmin a ƙasa. Da ma zagin wani ne, da ya wuce. Amma shi ma a ransa ya fara yarda, tun da an auna jininsa, an ɗauki hoton ƙashinsa, ba a ga komai ba. Wannan shi ne abin da ciwon ya yi masa mafi muni, ya sa ya daina yarda da jikinsa.

Noreen ta riƙe garken iya ƙarfinta, har ita ma bayanta ya fara ciwo. Da ciyawa ta fito aka kira mai gwanjo. Maƙwabta suka cika farfajiya, wasu don saye, wasu don kallo. Lionel ya tsaya jingine da ƙofa ana fito da shanun ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa kowane mai saye halin wadda ya ɗauka, har da mai harbin nan, ya ce a riƙa ɗumama hannu kafin a taɓa ta. Armand bai tsallako ba. Da motar ƙarshe ta tashi, sai aka ga ya ja labulen tagarsa, kuma bai sake buɗe shi ba. A coci ma sai ya canza benci. Ba a jima ba kansa ya fara rikicewa irin na tsufa, ya fara fita neman shanun da suka mutu tun Lionel na goye, aka kai shi gidan kula da tsofaffi a babban gari.

Noreen ta sami aiki a kicin ɗin makaranta. Lionel yana zama a gida da tsohuwar karyarsu Moka, yana gyara wa mutane ƙananan injina a ranakun da hannunsa ya yarda. Wata rana Moka ta fara ɗingishi, ta ƙi abinci, suka kai ta wajen Dakta Whitcomb, likitar dabbobin da ta daɗe tana duba musu shanu. Ta ɗebi ɗan jini, kafin su gama gaisawa ta dawo.

"Ciwon kaska ne, Lyme. Ya hawo mana nan arewa, kullum sai na gan shi a karnuka. Za ta warke, kun kawo ta da wuri." Sai ta bi Lionel da kallo yana ƙoƙarin tashi daga kujera. "Kai da karyarka ai tafiyarku ɗaya. Wa ya koya wa wani?"

"Ni na riga ta, Dakta. Na ba ta shekaru."

Dariyar ta tsaya mata a fuska. "Tun yaushe? Ba a taɓa ganin wani jan tabo a jikinka ba kafin abin ya fara?"

"Ko ɗaya," in ji Noreen. "In ba makeron nan da ya yi a baya ba, shekarar da ya gyara shingen bakin daji."

"A baya? Noreen, ta ina maraƙi zai kai bayansa ta cikin riga? Yana ƙaiƙayi? Yana ɓarewa?"

"A'a. Sumul yake, da ɗan ɗumi. Kullum ƙara faɗi yake yi."

Dakta Whitcomb ta ajiye abin da ke hannunta. "Ni likitar dabbobi ce, ba zan ce muku ga abin da ke damunsa ba. Amma ku koma asibiti, ki faɗa musu wannan maganar yadda kika faɗa min, kada ki kira shi makero."

A mota Noreen ta kasa tayar da injin. Ta kifa kai a sitiyari tana kuka, tana cewa da hannunta ta shafa, har tana yi masa tsiya. Lionel ya dafa ta ya ce, "Haba, Noreen. Da a bayanki na gan shi, wallahi aidin ɗin zan ɗauko."

Aka auna jinin, wannan karon aka nemi abin da ya kamata a nema, aka same shi. Likitan ya ce ba duk mai irin wannan ciwo ne ke ɗauke da cutar kaska ba, amma nasa kam ita ce, kuma da a wancan lokacin zafin aka gane, ƙwayoyin 'yan makonni sun isa. Aka ɗora shi a kan magani. Hazon da ke kansa ya ragu sosai, kumburin ya daina dawowa, amma gwiwar ta riga ta lalace, ƙarfin da ya tafi kuma rabinsa ne ya dawo. Mutanen da suka ce mashayi ne suka fara tare shi a kantin dusa suna cewa ai su dama sun san akwai wani abu. Bai kula su ba, mutum ɗaya yake so ya ji.

Ya sa rigar zuwa coci ya tafi babban gari. Ya tarar da Armand a bakin taga, yana kallon filin ajiye motoci. Ya ja kujera kusa, ya faɗa masa komai a hankali: shingen, kaskar, zoben da aka ɗauka makero ne, har sunan ciwon. Tsohon ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai.

"Kaska, ka ce? Kai, mugun abu. Sannu, bawan Allah. Ka ga kai, da ciwonka da komai ka fito." Ya matso, ya rage murya. "Ni ina da ɗa, Lionel. Ƙato, lafiyarsa ƙalau. Ya kwanta ya sayar min da shanu."

"Baba, ni ne Lionel."

Armand ya ƙura masa ido, ya ga rama da furfura da sandar da ke jingine da kujera, ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa wasa. "A'a, nawa ya fi ka jiki. In ka bi ta wajenmu ka gan shi, ka ce masa ina nan ina jira. Ya tashi ya kunna fitilar nan."

Lionel ya ce to, zai faɗa masa. Ya gyara wa tsohon bargo a gwiwa, ya fito. Noreen, da ta raka shi, ta ce ba ta taɓa ganin baƙin ciki irin na fuskarsa a ranar ba.

Washegari da asuba, mu da ke bin hanyar muka ga fitilar ɗakin shanun Bessette a kunne. Babu saniya ko ɗaya a ciki, gidan tsallaken hanya kuma labulensa na nan a rufe, ba kowa a bayansa. Armand ya rasu a sanyin da ya biyo baya. Har yau Lionel yana ɗingisawa ya tsallaka farfajiya kafin gari ya waye, ya kunna ta, ya ɗan tsaya, sannan ya koma ya dafa kofi.